Ɓerayen da Na Sauya wa Keji

Shekara goma sha tara na yi ina kiwon ɓeraye ana biyana albashi. A ƙauyenmu na gefen Malumfashi ba wanda ya taɓa ɗaukar wannan a matsayin aiki. In na zo gida ƙarshen wata, yayana yakan tare ni tun daga bakin zaure ya ce, "Ya talakawanka? Mu nan muna sayen maganin kashe su saboda rumbu, kai kana can kana tafasa musu ruwan sha." In yi dariya in wuce ciki.

Karatuna bai wuce aji bakwai na makarantar mishan ba. Da na fito na yi shekaru ina aikin fuloti a Funtua, wurin da manoma ke kawo auduga a auna a saya. Aikina tantancewa ne. In zura hannu cikin buhu in ware fara tas daga wadda tsutsa ta ɓata ko ta sha ƙasa, domin 'yar kaɗan marar kyau takan zubar da darajar buhu guda. Tun kafin nan ma haka uwarmu ta koya mana da kaji. Duk wadda ta fara sauke fuka-fuki, a ranar za a raba ta da sauran, a kife ta da kwando a bayan ɗaki. Na tashi da sanin cewa mai hankali ba ya barin marar lafiya cikin masu lafiya.

Da kasuwar auduga ta yi sanyi, wani dattijon majami'armu ya samo mini aiki a wata cibiyar bincike a babban garin da ke kudu da mu. Lokacin ina da mata da 'ya'ya uku. Aka ba mu ɗaki biyu a gidajen ma'aikata, aka sa ni a ɗakin da ake hayayyafar fararen ɓeraye masu jajayen idanu. In share keji, in zuba sabon garin katako, in cika kwalaben ruwa, in ba su abinci. Sauran aikin kuwa wanda hannuna ya sani ne: in raba mai ciki da sauran, in cire mai rauni, in raba maza in sun fara cizon juna. Ba wanda yake gaya mini, ni nake gani in yi. Shugabanmu wani mutumin Danja ne mai barkwanci, Oga muke ce masa. Shi ya laƙaba mini Sarkin Ɓeraye, kuma yakan ce wa baƙi tun da na zo mutuwa ta ragu a ɗakin. Ina jin daɗin hakan ƙwarai.

A shekarata ta biyu aka kawo wata mace mai neman digirin dakta. Malama muke ce mata. 'Yar Funtua ce, mahaifinta dillalin hatsi ne da na sha gani a kasuwa, don haka tun ranar farko ta fara kirana ɗan garinmu. Akwai ƙaramin ɗaki na gwaji a ƙarshen baranda, mai kula da shi ya tafi aikin Hajji, sai Oga ya ce in riƙa duba mata nata ɓerayen har ya dawo.

Ta zaunar da ni ta yi mini bayani da Hausa, abin da sauran masu ilimin ba su cika yi ba. Ta ce akwai ƙwayoyin cuta da ke fitar da dafi, irin wanda ke sa mutum zazzaɓi mai zafi. Ta ce tun da daɗewa likitoci sun lura wani lokaci mai ciwon daji in ya yi irin wannan zazzaɓi, ƙarin da ke jikinsa yakan ja baya. Ita ta tace dafin daga ƙwayoyin da ta raina a kwalba, tana so ta ga ko 'yar mitsitsiyar allurarsa za ta rage ƙari a jikin ɓera.

Keji huɗu ne, kowanne da ɓera shida, duka mata. Kowace an dasa mata ƙari a ƙarƙashin fata, wajen kwiɓi. Keji biyu masu jan kati su ake yi wa allurar dafin. Biyu masu farin kati ruwan gishiri kawai ake yi musu. Don a bambanta su a cikin keji, ana ɗiga musu ruwan maganin nan mai launin shuni da ake shafa wa gyambo: wannan a ka, wannan a baya, wannan a wutsiya, ɗaya a ƙafar dama, ɗaya a ta hagu, ta shida ba alama. Launin yana dushewa, sabunta shi duk ranar Asabar yana cikin aikina.

Abu uku ta ja mini kunne a kai. Kada in ba su komai sai abincinsu. Kada ruwa ya yanke. Kuma kowane keji ya kasance shida ne, in wata ta mutu in ajiye mata gawar a firji. Ba ta ce kada in sauya musu keji ba. Ba ta faɗa ba ne domin a duniyarsu ba wanda zai yi tunanin mutum zai yi haka.

Na tambaye ta, "Malama, su waɗannan masu farin kati laifin me suka yi da ba a ba su magani?"

Ta yi dariya ta ce, "Ba su yi laifi ba, ɗan garinmu. Su ne madubi." Aka kira ta a waje, ta fita. Ban gane ba, kuma na ji kunyar sake tambaya. Abin da na ɗauka a raina shi ne dafin kaɗan ne, bai isa kowa ba, shi ya sa aka zaɓi rabi.

Ta sha wahalar dafin nan a gabana. In wuta ta ɗauke, da gudu take zuwa da ƙanƙara a kula ta lulluɓe kwalbar. Duk Litinin da Alhamis takan kama ɓerayen ɗaya bayan ɗaya, ta auna ƙarin da wani ƙaramin ƙarfe mai baki biyu, ta rubuta a littafi. Bayan allurar farko masu jan kati suka takure a lungu, gashinsu ya tashi, suna rawar ɗari. Kwana biyu suka warware.

Ranar Asabar ta mako na biyu ni kaɗai ne a ɗakin, da hantsi. Na buɗe jan keji na farko na ga mai alama a wutsiya ƙarinta ya kai girman gurjiya, ya fara fashewa, sauran suna shinshinarsa. Ba ta ko iya kai wa kwalbar ruwa. Na duba farin keji na ga wata sumul, ƙarinta bai wuce ƙwayar dawa ba, tana ta hawa jikin keji. Na ce a raina wannan asara ce. Ana zuba maganin da Malama ke wahala a kai a jikin wadda ta riga ta tafi, ga mai sauran ƙarfi an bar ta babu. Kuma marar lafiyar za ta ɓata sauran.

Na ɗauke ta na sa a farin keji. Na ɗauko lafiyayyar na sa a ja. Launin jikinsu ya riga ya dushe, na goge ragowar da auduga, na ba kowace alamar wadda ta maye gurbinta. Na ƙirga, shida shida. Na wanke hannu na tafi gida ina jin na yi aikin kirki. Asabar ta gaba na sauya majinyata biyu da lafiyayyu, wadda ta biyo baya na sake sauya biyu. Majinyata biyar ke nan na fitar daga jan keji.

Litinin da ta biyo bayan sauyin farko ina shara a baranda na ji muryarta. "Oga! Oga, zo ka gani!" Na leƙa. Tana riƙe da ɓerar da na sa a jan keji, ta auna ta sake aunawa. Oga ya karɓi ƙarfen ya auna da kansa, ya ce, "Ikon Allah. Malama, wannan in ta tabbata sai mun sa miki rawani." Ta juyo ta gan ni ta ce, "Ɗan garinmu, dubi ta wutsiya. Ran Alhamis kamar za ta mutu."

Wallahi a lokacin ban gane abin da take gani ba. Na ɗauka murna take yi domin kejin ya yi kyau, babu majinyaciya a ciki. Na buɗe baki zan ce ai ni na gyara, sai Oga ya ce in je in ɗauko sikeli, magana ta wuce. Da gwajin ya kai ƙarshe, masu jan kati ƙarinsu ƙanana, masu farin kati rabi sun mutu. Ta kawo wa matata turmin atamfa, ta ce hannuna yana da albarka.

Ranar da na gane ita ce ranar da Farfesa, malamin da ke duba aikinta, ya kawo baƙi uku ɗakin. Ya yi musu bayani da Turanci, sannan ya juya Hausa saboda ɗaya daga cikinsu. Ya ce ƙarfin wannan aiki duk yana wuri ɗaya. An raba ɓerayen da ƙuri'a tun farko, ba a zaɓi masu ƙarfi a ba su magani ba, kuma kowace ta zauna inda ƙuri'a ta ajiye ta har ƙarshe. In ba haka ba, in ji shi, ba za a san ko dafi ne ya yi aiki ko hannun mutum ba. Farin keji shi ke nuna abin da zai faru in ba a yi komai ba.

Sai ya juyo gare ni yana murmushi ya ce, "Ga mai gadinsu nan. Malam, ko ɗaya ta taɓa kwana a kejin da ba nata ba?"

Malama tana kallona, fuskarta cike da fara'a. Baƙi suna kallona. Na ce, "Ko ɗaya, ranka ya daɗe."

Sauya kejin kuskure ne na jahilci, wannan zan iya faɗa a gaban Allah ba tare da kunya mai yawa ba. Amsar da na ba Farfesa ba kuskure ba ce. Na san abin da nake yi.

Bayan haka aka ce ta maimaita gwajin da ɓeraye masu yawa kafin a buga shi duniya ta gani. Mai kula da ɗakin ya dawo daga Hajji, amma ta roƙi Oga a bar mata ni, saboda albarkar hannuna. Wannan karon ban taɓa komai ba. Ƙari ya girma a jan keji kamar yadda ya girma a fari. Wasu masu jan katin ma zazzaɓin ne ya kashe su tun kafin ƙarin.

Ta ce watakila sabon dafin bai kai na farko ƙarfi ba. Ta sake raino, ta sake tacewa. Ba a ga komai ba. Ta zargi firji, ta sayo ƙaramin janareta da kuɗin mahaifinta. Ta zargi abincin, ta zargi ruwan, ta sa na canja garin katako zuwa buntun shinkafa domin ta tuna a gwajin farko an taɓa amfani da shi kwana biyu. Duk abin da ta ce in yi ina yi, ina sane ba a nan matsalar take ba. Shekara biyu muka yi a haka. Ɓeraye nawa na ɗauka da hannuna na kai ramin ƙonawa, ban ƙirga ba. Ta rame. Ta daina kirana ɗan garinmu, ba don fushi ba, wasan ne ya fita daga bakinta.

Wata rana tana wanke sirinji ta ce, ba ta ko kalle ni ba, "Malam, kai ma ka gani da idonka, ko? A karon farko. Ba mafarki na yi ba?"

Na ce, "Na gani, Malama."

Na gaya wa matata a shekarar farko, muna gida hutun girbi, muna ɓarar masara a tsakar gida. Ta ajiye masarar ta dube ni ta ce, "Atamfar nan da nake ɗaurawa zuwa coci, ashe ta ƙarya ce?" Ta ce in koma Litinin in faɗa. Na ce za a kore ni, a karɓe ɗakunan, ga yara a makaranta, ga na huɗu a ciki. Ta ce, "To sai yaushe?" Na ce sai na ga hanya. Ba ta ƙara ɗaura zanen ba, ba ta kuma ƙara yi mini maganar ba sai sau ɗaya, tana jinyar ajalinta.

Tsoron kora gaskiya ne, amma ba shi kaɗai ba ne. Ina son sunan da nake da shi. Mutum mai aji bakwai, masu digiri suna cewa a bar musu shi. Ban iya tunanin tsayawa gaban Oga in ce na yi wa ɓerayen bincike abin da ake yi wa kaji ba.

Daga baya wani malami ya ɗauki littafinta na farko ya bi shi layi layi. Ya nuna cewa akwai ɓerar da ƙarinta ya faɗo daga babba zuwa ƙarami cikin kwana huɗu, ga wata a farin keji nata ya ninka sau da yawa a waɗannan kwanakin. Ya ce jiki ba ya yin haka, alƙalami ne ke yi. Aka kafa kwamiti. Aka kira ni na minti biyar, aka tambaye ni ko na ga tana aunawa da kanta. Na ce tana aunawa, kuma ban taɓa ganin ta rubuta abin da ba ta auna ba. Gaskiya na faɗa, na fito ina gaya wa kaina na kare ta. Kwamiti bai ce ta yi ƙarya ba, bai kuma ce ba ta yi ba. Farfesa ya janye hannunsa daga aikin. Ta kwashe littattafanta a kwali biyu, ni na kai mata su mota. Ta ce, "Na gode, Malam. Kai kaɗai ne ba ka canja mini fuska ba."

Na ci gaba da aiki shekara goma sha biyar bayan tafiyarta. Na yi ritaya na dawo ƙauye ina noman masara da waken suya. Na ji labarin ta koma Funtua ta buɗe shagon magani kusa da layin dogo. In na kai hatsi kasuwa nakan ce wa mai keke-napep ya bi ta baya, in ce hanyar gaba cunkoso. Haka na yi shekaru.

Bara Oga ya rasu, na je Danja ta'aziyya. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, tsofaffin ma'aikata muka haɗu mu huɗu ko biyar, kowa ya tsufa. Ana ta tuna barkwancinsa. Sai wani da ya yi aikin ajiyar kaya a cibiyar, yanzu Alhaji ne mai tumbi, ya ce, "Kun tuna matar nan ta Funtua da ta zauna ta tsara lambobi ta ce ta warkar da kansa? An ce magani take sayarwa yanzu. Allah ya sa ba alli take ba mutane ba." Aka yi dariya, har da wani matashi a gefe da bai taɓa ganinta ba. Ni ban yi dariya ba, ban kuma ƙaryata shi ba. Na hau babur na dawo gida, na kwana uku ba na iya cin tuwo. Na ɗauka maganar ta mutu tun tuni, ashe tana nan ana ba wa waɗanda ba a haifa ba lokacin.

Ranar kasuwa na je shagon. Ƙarami ne, mai tsabta. Ta yi furfura a gefen ɗankwali, tana sanye da tabarau. Ta dube ni ta ɗan jima, sai ta ce, "Sarkin Ɓeraye! Kai ne? Ashe kana raye?" Ta sa aka kawo mini benci da ruwan sanyi. Ta tambayi iyali, na ce mai ɗakin ta rasu, ta yi mini gaisuwa. Na ce, "Hajiya, ba magani na zo saya ba. Magana na kawo, ta yi shekara ashirin a wurina, kuma taki ce."

Na faɗa mata duka, tun daga Asabar ta farko har amsar da na ba Farfesa. Ban ɗaga kai ba sai da na gama. Wata mata ta shigo neman maganin tari na yaro. Hajiya ta tashi ta ba ta, ta gaya mata cokali nawa, ta dawo ta zauna.

Ta ce, "Guda nawa?"

Na ce, "Biyar."

"Ta wutsiya a keji na farko tana ciki?"

"Ita ce ta farko."

Ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Ta ce, "Na ɗauki hotonta na kawo wa mahaifina. Ya yi ta nuna wa abokansa a kasuwa." Sannan ta ce, "Ka san abin da na yi ta zargi? Idona. Na ce ko son abin ne ya sa na riƙa ganin abin da babu. Har yau in zan karanta takardar likita sai na karanta sau uku."

Na ce, "Idonki lafiya lau. Abin da kika auna shi ne a gabanki."

Na ɗauka za ta yi faɗa, na shirya wa hakan. Ba ta yi ba. Ta ce, "Amma akwai wani abu, Malam. Wasu ranaku nakan ce a'a, na gani, Oga ma ya auna. Nakan ce akwai wani abu a kwalbar farkon nan da ban iya maimaitawa ba, wata rana wani mai kayan aiki zai same shi. Mata suna zuwa nan da ƙari a nono, sun makara, ba abin da zan ba su sai maganin rage zafi. In sun fita nakan ce a raina, akwai shi, na taɓa riƙe shi a hannuna." Ta mayar da tabarau. "Ashe ba komai a kwalbar."

Ban yi tunanin wannan ba ko sau ɗaya a shekara ashirin. Na zo ne in mayar mata da sunanta, ban san zan karɓe mata wani abu ba. Na ce watakila dafin yana da amfani, gwajin ne na ɓata. Ta ce, "Na maimaita sau huɗu ba ka taɓa ba. Ka gani ai."

Na ce ta yafe mini don girman Allah. Ta dubi titi, jirgin ƙasa ba ya wucewa yanzu, sai babura. Ta ce, "Ba yau ba, Malam. Ba na so in faɗa da baki kawai." Ta ce abu ɗaya take so. In rubuta yadda aka yi da hannuna, yadda na gaya mata, in kai wa duk wanda ya rage cikin mutanen wurin. Farfesa ya rasu, malamin da ya bi littafin ya rasu, Oga ya rasu. Ta ce, "Waɗanda suka rage ɗin dai. Ina da 'ya'ya, suna jin abin da ake faɗa."

Na yi mako uku ina rubutawa, hannuna ba ya riƙe biro kamar da. Na kai aka buga mini a shagon kwamfuta a Malumfashi. Mutum huɗu na samu. Ɗaya ya karanta ya ce bai tuna da ita ba sam. Ɗaya ya riƙe hannuna ya yi ta salati. Na uku ba ya gani, yana wurin 'yarsa a Mahuta, na karanta masa, barci ya ɗauke shi kafin in kai ƙarshe.

Na bar Alhaji mai ajiyar kaya a ƙarshe domin shi na fi jin nauyi. Na same shi a ƙofar gidansa yana sauraron rediyo. Ya karanta har ƙarshe, ya ninke takardar, ya yi dariya ya ce, "Kai Sarki, ashe kai ne ɓeran! To ai wannan tsohon zance ne, wa ya damu da shi yanzu?" Na ce shi ya damu da shi, tunda shi ya ɗauko shi a wurin makoki. Ya ɓata rai. Na ce ba faɗa na zo yi ba, roƙo na zo. In zancen ya sake tashi a gabansa, ya gaya musu ni ne mai laifin. Ya ce to, ya ji. Ban sani ba ko zai yi.

Na koma Funtua na gaya mata yadda aka yi da kowannensu, ban rage komai ba. Ta saurara tana jera kwalabe a kanta. Da na zo kan Alhaji ta ce, "Dariya ya yi?" Na ce dariya ya yi. Ta gyaɗa kai. Ta karɓi kofi ɗaya na takardar ta sa a aljihun tebur, ta ce za ta ba babban ɗanta ya karanta. Ta lura ƙafafuna sun kumbura, ta sa na nannaɗe hannun riga ta gwada jinina, ta ce ya hau sosai, in daina yawo a rana haka. Ta rubuta mini sunan magani ta ce in kai wa likita ya duba kafin in fara sha.

Ban sake roƙonta ba, ita ma ba ta ɗauko maganar ba. Na yi mata sallama na fita neman motar Malumfashi.